Gaisuwar da Na Yanke wa Iya Dije

Ruwa ake yi ranar da na sauka a ƙasar Holan, irin yayyafin nan mai naci da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Hannu ɗaya ina jan akwati, ɗayan kuwa na dafe jakar da ke rataye a wuyana, don abin da ya kawo ni yana cikinta. Wata 'yar rikoda ce da ba ta kai tafin hannu ba, ɗauke da muryoyin mata ashirin da uku. Ko a cikin jirgi ban yarda na rabu da ita ba, a kan cinyata ta yi tafiyar.

Bari in faɗi ko su wa ne matan nan, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Sunana Binta, a Sabon Garin Wudil aka haife ni. Ilimin zamantakewar al'umma na karanta, na kuma yi shekaru ina bin ƙauyuka da takardar tambayoyi, ana aike na in tambayi mutane inda suke ɗebo ruwa da asibitin da suke zuwa, in kawo amsa a miƙa wa waɗanda ban taɓa gani ba. A wannan yawon na faɗa wani ƙauye a yankin Achika inda mata ke ginin tukwane. Suna da ramin yumɓu a bayan gari, tun kaka da kakanni nan suke haƙa. Wata rana wasu mutane suka zo da mota da takarda da tawada, suka ce sunayen masu sana'a ake ɗauka, za a kawo tallafi. Mata suka yi layi suka dangwala yatsa. Damina ba ta zagayo ba sai ga katanga ta kewaye ramin, har da ƙofar ƙarfe da maigadi. Ashe abin da takardar ta ce shi ne sun yarda sun bar wurin.

Wadda ta fara dangwalawa ita ce Iya Dije, babbar maginiyar garin, doguwar tsohuwa mai kaifin baki. Ganin ta sa yatsa ne ya sa sauran suka sa. Tun daga nan ake ƙus-ƙus a garin, wai da saninta aka yi, wai an shafa mata wani abu a ɓoye. Ranar da na je gidanta, tun daga zaure na kunna rikoda, kamar yadda na saba. Muka gaisa, muka daɗe muna gaisawa, na faɗa mata abin da ke tafe da ni. Ta ƙare mini kallo ta ce, “'Yar nan, in da tawada kika zo, ga hanya nan.” Na ce babu tawada, Iya, baki ne kawai. Ta ce, “To na yarda, zauna. Amma ki ɗaukar mini alkawari. Maganar nan ki kai ta inda ake rubuta doka, ki ce musu Dije ba ta sayar da rami ba.” Na ɗauka, na kuma haɗa da Allah.

Shi ya sa da na samu gurbin karatu na shekara guda a Holan, a fannin binciken da ake gina manufofin gwamnati da kare haƙƙin jama'a a kansa, ban yi wata-wata ba na ce a kan matan nan zan yi rubutuna. Akwai wasu lauyoyi a Kano da suka ce in na kawo rahoto mai tambarin jami'a za su shiga maganar ramin da shi. Wato dai maganar Iya Dije na je in ɗora a takardar da manya za su ji nauyin yin watsi da ita.

Zangona na farko bakin wani shagon gyaran keke ne. Tun ina gida na samu ɗaki ta intanet, wani mutum mai daɗin baki ya turo mini hotuna, ga gado, ga taga, har da fulawa a kan tebur. Na tura masa kuɗin da ya nema. Na hau jirgin ƙasa, na hau bas, na bi lambar gidan tiryan-tiryan, sai ga ni a gaban tayoyi da sarƙoƙi. Mai shagon ya dubi takardata ya girgiza kai, ya ce ba ni ce ta farko ba. Na kira lambar mutumin, a kashe. Kai jama'a! Ni da nake yawo ƙauye-ƙauye ina gargaɗin mata kada su yarda da abin da ba su karanta ba, ga shi an ci ni da hoton gado. Na zauna a kan akwatina a gefen titi, hijabina ya jiƙe sharkaf, na yi kuka mai isata.

A nan wata dattijuwa ta same ni, ta kawo kekenta faci. Ta yi mini sallama, na amsa. 'Yar Maroko ce, sunanta Zahra, ta fi shekara talatin a ƙasar. Ba ta tambaye ni me ya faru ba sai da ta tambayi lafiyata, da ta babana, da ta mamata, da gajiyar hanya. Wallahi wannan tambayar ce ta ƙara karya mini zuciya, don tun da na sauka babu wanda ya ce mini ko sannu. Na haɗa Larabcin Islamiyya da Turanci na yi mata bayani. Ta yi dariya ta ce ina magana kamar mai huɗuba, sannan ta ɗora akwatina a bayan kekenta ta ce in biyo ta. Ɗakin 'yarta da ta yi aure ta buɗe mini, ta zubo mini wata miya mai wake da tumatir da zafinta. Kwana biyu na ce zan yi kafin in samu wuri. A ɗakin nan na ƙare shekarar, ina kiranta Khala, wato inna da Larabci, tana kirana binti, wato 'yata.

Daga nan sai jami'a. Malamar da aka haɗa ni da ita sunanta Farfesa Hilda, siririyar mata mai furfura, kullum a kan keke take zuwa ko ana ruwa. Ranar farko na shiga ofishinta da ladabina, na russuna, na tambaye ta kwana, na tambayi aiki, na tambayi iyali, na tambaye ta ya sanyi. Ban kai ga gajiya ba ta ɗaga hannu ta dubi agogo, ta ce, “Binta, me kike so?” Na haɗiye sauran gaisuwar. Mutanen ƙasar nan ba mugaye ba ne, amma magana a wurinsu kamar sayen katin waya ce, ka faɗi na nawa, a ba ka, ka matsa. Na yi wata guda ina komawa gida da gaisuwata a baki ban samu wanda zan sauke wa ba sai Khala. Kewar gida ta kama ni ba kaɗan ba. Har hayaniyar kasuwar Juma'a da ƙaurin suyar kifi a bakin gada, abubuwan da nake tsaki a kansu, su nake zama ina tunawa.

A mako na biyar aka ce kowane ɗalibi ya kunna wa aji kaɗan daga abin da ya naɗo. Na zaɓi na Iya Dije, don shi ne abin alfaharina. Na danna. Sallama, amsa sallama. Ina wuni, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ya gida, ya yara, ya jikin, ya muka ji da ruwa, ya mutanen Wudil, ya Ummanki, ashe ke jikar wance ce. Ina fassarawa, ajin ya yi tsit. Minti ɗaya, biyu, uku. Sai wani ɗalibi dogo mai jan gashi ya ɗaga hannu ya ce, “Yi haƙuri, yaushe za a fara hirar?” Aji ya kwashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, yanzu na san haka. Amma a lokacin ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kashe rikodar tun ba a kai ga komai ba, na ce na'urar ce ta samu matsala.

To a nan zuciya ta ɗebe ni. Ina da wannan halin, in aka taɓa ni ba na tsayawa shawara. Ranar Asabar da hantsi na zauna a teburin Khala na buɗe kwamfuta, na ce yau zan nuna musu ni ma na san aiki. Na bi muryoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Ko saurara ban tsaya yi ba, sai in ja har inda na ji kaina na karanto tambayar farko ta kan takarda, in datse duk abin da ke gabanta. Ashirin da uku, kafin la'asar na gama, har ina jin daɗi sun yi tsaf-tsaf. Dokar jami'ar kuwa ita ce duk muryar da aka naɗo a loda ta a ma'ajiyarsu, sannan a goge ta daga rikoda da kwamfuta, don kada a sace wa mutum jaka asirin bayin Allah ya fita. Doka ce mai kyau, ba na zaginta. Na loda waɗanda na datse, na goge na asalin tas, na cike takarda na sa hannu cewa na goge.

Bayan wata biyu aka kira ni gaban kwamitin da ke duba ko an bi haƙƙin mutanen da aka yi bincike a kansu. Su uku ne, shugabansu wani dattijo mai farin gemu. Ya ce, “Ina takardun da matan suka sa hannu cewa sun amince?” Na gyara zama, don dama wannan tambayar nake jira. Na ba su labarin tawada da katanga, na ce waɗannan matan ko za a yanka su ba za su sake dangwala wa wani yatsa ba, ni kuma ba zan nema ba, da baki suka amince. Sai na ga sun gyaɗa kai. Dattijon ya ce hakan daidai ne, har ma ya fi dacewa, dokarsu ta yarda da amincewar baki matuƙar an naɗe ta. Ya ce, “Kunna mana ɗaya mu ji.”

Na danna na Iya Dije ina murmushi. Muryata ce ta fito: “Iya, tun yaushe kike ginin tukwane?” Na ja baya. Babu baya. Sai a lokacin abin ya faɗo mini: mu a wurinmu neman izini ba wani abu ne daban ba, gaisuwa ce take gangarowa har ta kai can. A cikinta nake faɗin ko ni wace ce, da abin da za a yi da maganar, da cewa wadda ba ta so ta fasa, a cikinta kuma mace take cewa ta yarda. Duk na datse na zubar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, shi kawai nake maimaitawa a raina. Na ce musu a ba ni lokaci, ban faɗi gaskiyar abin da ya faru ba. Suka ba ni mako shida. In ban kawo shaida ba, ko kalma ɗaya ta matan nan ba za ta shiga rahotona ba.

Akwai wani ɗan Kano a jami'ar, Yaya Nasiru, yana digirinsa na uku a wani sashe. Mutumin kirki ne a wurina, shi ya nuna mini inda ake sayar da naman halal, shi ya raba kukarsa da daddawarsa biyu ya ba ni rabi. Shi na fara gaya wa. Ya saurara ya gama, sai ya yi dariya.

Ya ce, “Haba ƙanwata, sai ka ce ba 'yar gida ba? Ke ba ki taɓa cike fom a gindin mangwaro ba?”

Na gane nufinsa, don duk wanda ya yi aikin bin gidaje da takarda ya san zancen. Rana ta yi zafi, gida a rufe, sai mutum ya samu inuwa ya amsa wa masu gidan da kansa. Ni ma ba zan wanke kaina ba, na taɓa yi sau biyu ina sabon shiga.

Ya ce, “Ki buga fom ashirin da uku, ki ce kin tuna ashe suna ƙasan akwati. Yatsu goma Allah Ya ba ki, ni ma goma, ashirin ke nan. Ukun da suka rage a karkata yatsa. Wa zai je Achika ya duba? Kuma ai ba ƙarya kika yi musu ba, sun yarda ɗin.”

Wannan ta ƙarshen ce ta shige ni, don gaskiya ce, sun yarda. Washegari ya kawo mini 'yar kwalin tawada.

Na buga fom ɗin. Bayan azahar na baje su a teburin Khala, na ɗauko na farko na rubuta sunan Iya Dije. Na danna babban yatsana a tawada, na dangwala a ƙarƙashin sunanta. Ya fito raɗau. Na juyo yatsan ina kallo, ya yi shuɗi har gefen farce, sai na tuna ranar hirarmu ta ɗaga mini nata yatsan, mai kaushin yumɓu, ta ce, “Kin gan shi? Shi ya ci amanata. Da ana cirewa a yar, da tuni na ba kare.” Ina cikin haka Khala ta shigo da kayan cefane. Ta dubi takardar, ta dubi hannuna.

Ta ce, “Yatsan wa?”

Na ce nawa.

“Sunan wa?”

Na ce na wata tsohuwa ce a garinmu.

Ba ta nemi ƙarin bayani ba. Cewa kawai ta yi, “Haram, ya binti,” ta yanko lemon tsami ta kama yatsana tana gogewa kamar na ƙaramar yarinya. Ina hawaye tana gogewa. Abin da mutanen mota suka yi wa Iya Dije shi na zauna zan sake yi mata, a sa yatsa a kan takardar da ba ta taɓa gani ba a ce ta yarda. Na yayyaga fom ɗin na zuba a shara. Da na mayar wa Yaya Nasiru tawadarsa ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Ke kika sani.” Mun ci gaba da gaisawa, amma daga nan kuka da daddawa suka yanke.

Ranar Litinin na shiga ofishin Farfesa Hilda, wannan karon ko ina kwana ban ce ba. Na zayyana mata komai, har da tawadar. Ta rufe kwamfutarta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

Ta ce, “Me ya sa kika yanke?”

Na ce, “Kunya na ji.”

Sai ta ce, “Ranar da kika fara zuwa nan na duba agogo, ko?” Ashe ta tuna. Ta ce, “Wauta kika yi babba. Amma ni ma ina ajin ran nan aka yi dariya ban ce komai ba. To yanzu, matan nan suna da waya?”

Dabarar ita ce a sake neman izinin kowace mace ta waya, a naɗa. Matan ba su da waya sai ɗaiɗaiku, don haka dole na kira Ummata. Tabɗi! Ta wanke ni tas. Ta ce, “Au, wato gaisuwar ce kika raina? Bokon naki har ya kai ki yanke wa tsofaffi gaisuwa? Sannu Baturiya.” Na ce Umma ki yi haƙuri. Ta ce ba ita zan ba haƙuri ba. Amma washegari da safe, da ciwon gwiwarta, ta hau adaidaita zuwa mararraba, ta hau babur ya shiga da ita ƙauyen.

Sabis ba ya kamawa a garin sai a kan wani tudu kusa da inda suke gasa tukwane. Nan Umma ke shimfiɗa tabarma, mata su riƙa zuwa ɗaya-ɗaya in sun samu sarari. Ni kuma ina wani ɗan ɗaki a jami'a da rikoda a gaban waya. Kowace sai mun gaisa daga farko, ban kuma sake gaggauta kowa ba. Suna tsokanata, wai an ce ƙasar ba rana, to da me muke shanya, wai ko na samo Bature. Wata rana Farfesa ta shigo ta zauna tana saurare, ta ce in fassara mata kalma-kalma. Da aka gama ta ce, “Wannan matar ta gaya miki mijinta ba lafiya, ta gaya miki sun koma sayen yumɓu daga wani gari, duk kafin ki yi tambaya ɗaya.” Na ce haka ne. Ta rubuta wani abu a littafinta.

Ba duka suka yarda ba. Mata biyu suka ce a'a, ɗaya ta ce wadda ta zubar da magana sau ɗaya za ta kuma. Ban ji haushinta ba, na cire nasu. Amma duk zuwan da Umma ta yi in na ce ina Iya Dije, sai ta ce ba ta jin daɗi, sai wani zuwan. A mako na uku na ce, “Umma, don Allah ki gaya mini gaskiya.” Sai ta miƙa wa Yaya Talatu wayar, babbar 'yar Iya Dije, wadda ke jinyarta. Ta ce ɓarin jikin Iya ya shanye tun kwana goma, bakin ya karkace, ba ta magana sai ido. Na roƙa a gwada. Umma ta shiga ɗakin ta naɗa da wayarta, tana cewa, “Iya, Binta ce, ta ce kin yarda?” Na saurari abin nan ya fi sau ashirin. Babu komai sai numfashi da kukan kaji a tsakar gida. Bayan kwana shida ta rasu. Ina kan wata 'yar gada ina tura keken da Khala ta ara mini saƙon ya shigo, na jingina keken na tsuguna a wurin, mutane suna ratse ni suna wucewa.

Na koma gaban kwamiti na yi faɗa, har da ɗaga murya. Na ce 'yarta ta yarda a madadinta, na ce ni shaida ce, da kunnena na ji ta ce ta yarda. Dattijon ya ce ya gaskata ni, amma a cikin hirar ta ambaci sunayen mutanen da suke raye, har da wanda ya yi wa masu motar jagora, kuma wannan nauyin ita kaɗai ke da ikon ɗauka. Na ce to ku kuka kashe maganarta. Ya ce, “Ki yi haƙuri.” Ina fita na san ƙarya na yi, ba su suka kashe ba. A bakin ƙofa Farfesa ta tsayar da ni. Ta ce, “Ba zai shiga rahoto ba. Amma na roƙe su kada a goge. Ba namu ba ne, na 'ya'yanta ne. Za a sa miki a rikodarki ki kai musu.”

Da muryar mata ashirin na rubuta rahoton. Ya yi kyau, an yaba. Amma duk inda aka zo ranar tawada, abin da matan ke cewa shi ne, mun ga babbarmu ta sa, muka sa. Ita babbar ba ta ce komai ba a cikinsa daga farko har ƙarshe. Lauyoyin sun karɓa sun shiga kotu da shi, maganar tana nan ana yi, amma an kai ga buɗe wa matan ƙofar ramin kwana biyu a mako kafin a yanke hukunci. Ni kuma wannan ya zama aikina har yau, binciken yadda ake karɓe wa talakawa wuraren da suka gada ba takarda, da rubuta wa masu tsara doka abin da na gano. In ina koyar da sababbin ma'aikata, abin da nake fara gaya musu shi ne a kunna rikoda tun daga zaure, kuma wanda ya datse mini ko sallama ce, ni da shi ne.

Kwana uku da dawowata muka tafi ta'aziyya ni da Umma. Da la'asar ne. Yaya Talatu ta shimfiɗa mana tabarma a rumfar da Iya ke gini, ga ɗanyun tukwane an jera suna shan iska. Da na ce na zo da muryar Iya, ta aika aka kira matan garin, rumfar ta cika har waje. Na kunna.

Minti arba'in Iya Dije tana magana babu wanda ya yi tari. Ta faɗi yadda kakarta ta fara kai ta ramin. Ta faɗi yadda ta ce a karanta mata takardar aka ce sauri ake yi, wasu garuruwan na jira. Ta faɗi yadda ta ga matan sun zuba mata ido, ta ji tsoron kada taurin kanta ya hana su tallafi, ta miƙa hannu. Ta ce, “Ko ƙwayar gero ban karɓa ba, Allah Yana gani. Abin da ya fi katangar ci mini rai shi ne matan da na koya wa gini su riƙa sauke murya in na doso.” Wata mata a bakin rumfar ta ja mayafi ta rufe fuska tana cewa Allah Ya yafe mana, Allah Ya yafe mana. Kuka ya ɓarke. Ban kai maganar inda ake rubuta doka ba, wannan alkawarin na karya shi, kuma zan tashi da shi ranar ƙiyama. Amma waɗanda suka zarge ta sun ji daga bakinta.

Da mutane suka watse Yaya Talatu ta matso kusa da ni. Ta ce, “Binta, mayar da shi farko. Ɗazu ba daga farko kika kunna ba.”

Na ce, “Nan ne farkon, Yaya.”

Ta ce, “A'a. Iya ba ta fara magana ba gaisuwa. Ran nan ina tsakar gida ina tankaɗe, ina jin ku. Kin tambaye ta yara, ta lissafo mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce Talatu ce ke riƙe da ni, Allah Ya yi mata albarka. Ba ta taɓa faɗa a gabana ba sai ran nan. Wurin nake so in ji.”

Umma ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na riga na gaji da ɓoye-ɓoye. Na ce, “Yaya Talatu, ni na yanke shi. Da hannuna. Kunya na ji a gaban Turawa.”

Yaya Talatu ta kalle ni. Ta ce, “Ba ya dawowa?”

Na ce, “Ba ya dawowa.”

Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce in nuna mata inda ake dannawa, na nuna mata. Ta karɓi rikodar da hannu biyu, ta gyara ɗankwalinta, ta ɗan russuna kamar yadda ake yi wa babba. A hankali ta ce, “Salamu alaikum. Iya, ina wuni? Ina gajiya? Ya jikin?” Ta ɗan dakata, daidai tsawon da mutum zai amsa, sannan ta danna.